Mujiyar Da Ya Kafa Mana A Falo

Ƙirrr… tsik. Ƙirrr… tsik.

Da farko na zaci ƙwaro ne ya faɗa kwalin ashana ya rasa hanyar fita. Ƙishirwa ce ta tashe ni, na fito daga ni sai rigar barci, ko ɗankwali babu, na ratsa falo zan nufi firji. Sai ƙarar ta sake zuwa daga sama, can lungun da ke tsakanin agogon bango da labule. Na ɗaga kai. Kyamarar nan ce, wadda nake kira mujiya, take juyo da kanta a hankali tana bina. Na matsa hagu, ta biyo ni. Na dawo dama, ta dawo. Ɗan jan idonta yana ci kamar garwashin da aka manta a murhu.

'Yan'uwa, duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya sa kofi ya kusa kuɓuce mini shi ne, ta cikin 'yar lasifikarta na ji mutum ya kurɓi wani abu, fuuut, ya haɗiye, sannan ya sauke ajiyar zuciya irin ta wanda ya miƙe ƙafa yana kallon talabijin.

Na fizgi ƙyallen da ke kan tebur, na taka hannun kujera na lulluɓe ta ruf, na koma ɗaki na murza makulli. Har gari ya waye idona biyu. Ba tsoro kaɗai ba ne, har da murna. A raina na ce, yau dai Injiniya ka kawo kanka.

Ga wanda bai san shi ba, Injiniya shi ne mutumin da gidanmu kaf suke so ban da ni. Ba injiniyan komai ba ne, shagon gyaran kwamfuta gare shi a bakin titi, yana kuma kafa wa mutane kyamara a gidaje. Tsohuwar kwamfutar Abba ce ta jawo mana shi, wadda sai ta yi nishi kamar mai naƙuda kafin ta tashi. Ya buɗe cikinta, ya hure ƙura, ya cusa mata wani ɗan abu kamar biskit, ta farka kamar an yi mata allura. Abba ya kalle shi ya ce, “Yaron nan akwai kai.” Tun daga ranar ban sake samun sakat ba.

Ku gan shi dai. Wando mai aljihu barkatai, sukudireba a aljihun gaba inda mutanen kirki suke sa biro, igiya a wuya ɗauke da filas-filas na ajiye bayanan kwamfuta suna kaɗawa kamar layu. Turarensa ƙaurin dalma. Ni kuma a asibitin haƙori nake aiki, a teburin karɓar marasa lafiya, saboda haka bakin mutum nake fara kallo. Nasa haƙoran ƙanana ne, a jere daidai wa daida kamar madannan kwamfuta, in yana magana sai in ga kamar ana buga takarda a bakinsa.

Saƙonninsa kuwa, bari in ba ku kaɗan ku taya ni gani.

“Barka da safiya gimbiya. An gano sabon rami a manhajar waya, 'yan kutse suna shiga ta hoto. Ki sabunta taki kafin ki yi wanka.”

“Jiya na yi mafarkinki. Kin canza lambar sirrinki kuwa?”

“Sabon katin hoto na kwamfuta ya fito, fanka uku gare shi. Ina ganinsa ke na tuna.”

Fanka uku! Ni 'yar mutane, abin da nake tuna wa namiji ke nan.

Mujiyar ma kyauta ya kawo ta, wai don tsaron gida. Ya kafa ɗaya a ƙofa, ɗaya a falo, ya sa wa Umma manhajar a wayarta don ta riƙa ganin mai sallama ba sai ta tashi ba. Daga nan maƙwabta suka yi ca, kowa yana so. Kafin ka ce me, rabin layinmu ya zama gidan mujiyoyi.

Abba ba mutum ne mai yi wa 'ya'yansa dole ba, amma maganarsa ɗaya ce. Ya kira ni ɗakinsa ya ce, “Auta, ke ba yarinya ba ce. Yayyenki duk sun tafi, ke kuma duk wanda ya zo sai ki ce bai yi miki ba. ‘Bai yi mini ba’ ba dalili ba ne. Ranar Asabar yayyen yaron nan za su zo. Ki kawo mini dalili guda wanda zan iya faɗa a gaban mutane ban sunkuyar da kai ba. In babu, zan ce musu na ba shi.”

To ga dalili ya juyo da kansa ya kalle ni a falo.

Da safe na tarar Umma ta riga ta yaye ƙyallen, ta ninke shi ta mayar kan tebur. Tana kicin tana yanka biredi, Gwaggo ƙanwar Abba, wadda ta zo mana kwana biyu tun bara, tana zaune kan kujera 'yar tsugunno tana fifita shayi.

“Umma, kyamarar nan jiya ta bi ni da kallo. Har na ji mutum yana shan abu a cikinta.”

Wuƙar Umma ta tsaya cak. Ta kalli Gwaggo, Gwaggo ta kalli shayinta.

“Iska ce,” in ji Umma.

“Iska ce take kurɓar shayi?”

“Ke dai Allah ya shirye ki,” Gwaggo ta ce. “Tun kina ƙarama kike jin abin da ba a faɗa ba. Yaro mai hankali, mai sana'a, ko sigari ba ya sha, kin rasa sharrin da za ki ƙulla masa sai na leƙe? Kuma wa ya ce ki riƙa yawo a falo ba zani?”

“A gidan ubana, Gwaggo?”

“Kar ki kai wa babanki wannan shirmen,” Umma ta ce, ba ta kalle ni ba. “Hawan jininsa bai sauka ba.”

Na ce to. Na shirya cikin doguwar rigata ruwan toka, na yafa farin mayafi, na tafi aiki. Yini guda ina miƙa wa mutane kati ina murmushi ni kaɗai, har likita ta tambaye ni ko albishir aka yi mini.

Ana tashi na wuce shagonsa. Ban taɓa shiga ba sai ranar. Wuri ne kamar mahauta, sai dai gawarwakin na ƙarfe ne. Kwamfutoci a buɗe hanjinsu a waje, wayoyi sun sarƙe a ƙasa, ga wata ƙatuwa mai gilashi a gefe tana canza launi, ja, kore, shuɗi, ita ce amaryarsa ta gaskiya. Yana sunkuye da tabarau mai ƙara girma a goshi. Da ya gan ni ya miƙe har ya ture gwangwanin kusoshi.

“Gimbiya! Da kanki? Kin ga saƙona na ɗazu? Wani kamfani aka kwashe wa bayanan mutane kaf, saboda sakarcin…”

“Shayin jiya ya yi daɗi?”

“Wane shayi?”

Na zayyana masa komai, ina kallon tsakiyar idonsa. Na zaci zai yi rantsuwa ko ya fara kame-kame. Sai ya sha mur, wai shi aka ci wa mutunci.

“Ni? Ni zan leƙa ki? Ni da nake liƙe idon kwamfutata da salatif? Kuma ni ba na shan shayi da dare, yana hana ni barci.”

Ya jawo wayarsa yana danne-danne don ya nuna mini ƙaryata. Ina tsaye na ga fuskarsa tana saki a hankali.

“Ba daga wayata aka shiga ba,” ya ce ƙasa-ƙasa.

“To daga ta wa?”

Sai da na maimaita kafin ya yi bayani, yana sosa ƙeya. Wai mutanen layinmu ba sa riƙe lambar sirri. Yau ka ba su, gobe su kira ka tsakar rana sun manta, jibi jika ya goge manhajar. Da ya gaji, sai ya zuba kyamarorin unguwar duka a asusu guda, nasa, ya shigar wa kowa da shi a waya. Ya ɗora wa kowane gida tasa kyamarar a sama, sauran gidajen kuma suna can ƙasa, sai an ja allo sosai kafin a gan su.

“Wato duk wanda ka kafa wa, yana iya ganin falonmu.”

“In ya ja ƙasa. Amma wa zai ja? Waɗannan mutanen fa ko ƙara hasken waya ba su iya ba. Tsofaffi ne da matan gida, gimbiya, ba su san komai ba.”

Kun ji fa. Mutumin da yake tashina da asuba da labarin 'yan kutsen ƙasashen da ban san sunansu ba, shi ne ya ɗauki makullin gidajen layi guda ya raba wa kowa kwafi, don yana ganin ba su da wayon murɗawa.

“Ka gyara yau,” na ce.

“Ba ya gyaruwa daga nan. In na canza lambar, ta kowa za ta ɗauke lokaci guda, su yo kaina. Sai na bi gida-gida na sake saitawa, kuma sai sun tambaye ni dalili.” Ya matso, ƙaurin dalma ya bugi hancina. “Ki rufa mini asiri zuwa bayan Asabar. Daga nan zan ce musu sabuntawa ce ta zo. Ai yanzu sirrina naki ne.”

Na kalle shi daga sama har ƙasa, na gyara mayafina na fito. Ban kai bakin titi ba saƙo ya shigo: “Ki goge hirar nan daga zuciyarki kamar yadda ake goge faifai. Ina sonki.” Na yi tsaki har mai sayar da lemo ya waiwayo.

A hanya ƙafata ba ta taɓa ƙasa don daɗi. Na shiga gida Abba bai dawo ba, falo shiru, sai ƙus-ƙus da dariya daga ɗakin Umma. Na tura ƙofa ba sallama.

Suna kan gado su biyu, kai a haɗe, Gwaggo da tabaranta a kan hanci, kwanon gyaɗa a tsakaninsu, wayar Umma a jingine da filo.

“Kin gani ko? Na ce miki ba ta wanke tukunyar jiya ba.”

“Bar ta tukunya, dubi labulen. Wai wannan ne na waje da take mana burga da shi.”

“Koma gidan tela, yanzu yake dawowa, mu ga ko yau za ta kula shi.”

Umma ta sa yatsa ta ja allon, cikin gwaninta, kamar wadda aka haifa da waya a hannu. Sai ta ɗago ta gan ni.

Gyaɗa ɗaya ta gangaro daga zanin Gwaggo ta faɗi ƙasa.

“Tun yaushe?” na ce.

“Rufe ƙofar,” in ji Umma.

Ashe tun satin da aka kafa. Hannunta ne ya zame garin goge maiƙo a allon, sai ga falon mutane. Ta kira Gwaggo ta gani, daga nan ya zame musu abin yi bayan la'asar. Sun san wanda yake cin abinci a tsaye, da wadda take ɓoye nama a bayan firji, da mijin da yake kwana a kujera. Sai a lokacin na gane yadda aka yi Umma ta aika wa Maman Biyu man zafi tun kafin baiwar Allah ta ce bayanta yana ciwo. Maman Biyu ita ce maƙwabciyarmu ta jikin katanga, mace mai sanyin hali, Yaya take ce wa Umma, komai nata sai ta zo ta yi shawara. Ranar har kuka ta yi, tana cewa Yaya kamar a zuciyata kike.

“Umma, ba ki yi tunanin mu ma ana ganinmu ba?”

“Mu me muke yi? Falonmu kullum a share.”

“Ni aka kalla jiya da rigar barci!”

“To ai na ce ki riƙa ɗaura zani,” Gwaggo ta ce, tana tattara ɓawon gyaɗa.

Zan faɗa muku gaskiya, don ban saba ɓoye muku ba. Ina cikin faɗan nan idona ya sauka kan allon. Falon tsohon direban nan ne na ƙarshen layi, wanda matarsa ta rasu. Ya sa tsohuwar rigar aikinsa, ya zauna a kujera ya riƙe faranti da hannu biyu yana juya shi kamar sitiyari, yana waiwayawa gefe yana magana da kujerar da ba kowa. Har sigina yake yi da baki. Na tsaya ina kallo, ban san na daɗe ba sai da Gwaggo ta ce, “Kullum sai ya kai ta kasuwa ya dawo da ita.” Na kife wayar a kan katifa.

Umma ta kama hannuna. “Auta, kin san babanki. In kika faɗa masa, ba yaron zai fara tambaya ba, cewa zai yi wa ya gani a gidan nan. Kin san ba na iya yi masa ƙarya. Mutumin da ko wasiƙar wani ba ya buɗewa, a ce matarsa… Shekarun nan duka ban taɓa jin kalmar saki a bakinsa ba, kada ki sa in ji ta da furfura.”

“Sai in auri wanda ya tsiraita unguwa don a rufa miki asiri?”

“Zai gyara. Kuma yana sonki.”

“Yana son fanka ma.”

Kwanakin da suka biyo baya Umma ba ta bari mu haɗa ido. Ta yi mini sabon ɗinki, leshi ruwan zuma, ta ajiye a kan gadona. Abba ya tare ni a tsakar gida ya ce, “Ina jinki, Auta.” Na buɗe baki, na hango Umma a ƙofar kicin riƙe da ludayi, ta yi tsuru-tsuru. Na ce, “Tukuna dai, Abba.” Ya girgiza kai ya wuce.

Safiyar Asabar na fita zubar da shara, sai ga Maman Biyu tana shanya a ƙofar gidanta. Dabarar ta zo mini a tsaye. In magana ta fito daga waje, ai kan Injiniya za ta faɗa, ba wanda zai tambayi Umma komai. Shi ya kafa, shi za a kama. Na ga wayona ya kai.

“Maman Biyu, in kin samu sarari, ki buɗe manhajar kyamararku ki ja allon ƙasa. Ki yi ta ja.”

“Me zan gani?”

“Ke dai ja. Kuma ban ce miki komai ba.”

Bayan azahar suka iso, yayyensa biyu da shi, ya sa manyan kaya amma igiyar filas tana leƙowa ta wuyan riga. Aka shimfiɗa musu a falo, aka jera lemo da biskit. Ni ina bayan labulen ɗaki cikin leshin nan, Umma da Gwaggo a gefena. Babban yayansa ya fara zuba, wai ƙaninsu mutum ne mai amana, duk unguwar nan shi aka damƙa wa tsaron gida. Injiniya yana sunkuyar da kai yana murmushi, yana satar kallon mujiyarsa.

Abba ya gyara murya. “To, alhamdu lillahi. Ni dai na tambayi yarinya, ba ta kawo mini wani…”

“Salamu alaikum.”

Maman Biyu ce, mayafinta a karkace, takalmi ƙafa ɗaya daban. Ba ta jira an amsa ba ta shigo tsakiyar falo, abin da ba ta taɓa yi ba in da maza. Wayarta tana hannunta, kuma daga cikin wayar muryar Abba ta fito a makare, “…ba ta kawo mini wani…”

Abba ya dubi wayar. Ta juya masa allon. Ga shi nan zaune da hularsa, ga baƙi, ga kwalaben lemo, ga ita kanta a tsaye, duk daga sama kamar yadda tsuntsu yake ganin mutane.

“Mene ne wannan?” Abba ya ce.

“Gidanku ne, Malam. Ga na tela. Ga na direba. Ga namu, har gadon yara.” Ta ci gaba da jan allon. “Duk suna nan.”

Injiniya ya miƙe, gumi ya keto masa. “Abba, sabuntawa ce, wato manhajar ce ta…”

“Zauna,” yayansa ya ce, bai ko kalle shi ba.

Zuciyata ta yi fari tas. Na ce shi ke nan, yanzu za ta shaƙe shi da igiyar wuyansa, Abba ya sallami baƙi, ni kuma in cire leshin nan in sha iska.

Amma Maman Biyu ko kallonsa ba ta yi ba. Ta taka a hankali ta wuce maza, ta zo ta ɗaga labulen da muke bayansa. Ta dubi Umma, ta dubi wayar da Umma ta ƙanƙame a ƙirji. Abba ma ya juyo, baƙi suka juyo. Gwaggo ta fara laluben ƙofar baya da ido.

“Yaya,” ta ce, a hankali, kamar mai tsoron a ba ta amsa, “ranar da kika aiko mini da man zafi, wa ya gaya miki bayana yana ciwo?”